Haƙora 72: Tarihin Ƙarfen da Ya Hana Tsohuwar Nintendo Mutuwa

Duk wanda ya mallaki na'urar wasa ta Nintendo Entertainment System, wadda aka fi sani da NES, a Amurka ko Turai a shekarun 1980 da 1990, ya san wannan ciwo. Yaro ya tura kaset, ya danna shi ƙasa, ya kunna, sai allon talabijin ya riƙa haske yana ɗaukewa, jar fitilar gaban na'urar kuma tana ƙyaftawa. Sai ya zare kaset ɗin, ya hura masa iska da baki, ya mayar. Wani lokaci a dace, wani lokaci a sake. Laifin yawanci yana wuyan wani baƙin yanki na roba mai jerin siraran ƙarafa 72, wanda shi ne mahaɗin kaset da na'ura. Yau, bayan kusan shekara 40, wannan yanki ya zama haja: ana ciro shi daga matattun na'urori, a wanke, a gyara, a sayar.

Asalin labarin a Japan yake. A ranar 15 ga Yuli, 1983, kamfanin Nintendo ya fitar da Family Computer, wato Famicom, wadda injiniya Masayuki Uemura ya jagoranci ƙerawa. Kaset ɗinta haƙora 60 gare shi, kuma daga sama ake cusa shi, ya shiga bakinsa kai tsaye ba tare da lanƙwasa komai ba. Kwaikwayon wannan na'ura da masana'antun Taiwan da Sin suka yi ta bugawa daga baya, su ne suka cika kasuwanni da dama na duniya, har da na Afirka, kuma tsarin haƙora 60 suka bi. Saboda haka mafi yawan waɗanda suka yi wasan Mario a wannan nahiya ba su haɗu da mahaɗi mai haƙora 72 ba.

A shekarar da Famicom ta fito, kasuwar wasannin bidiyo ta Amurka tana rugujewa. Kamfanoni barkatai sun cika shaguna da wasanni marasa inganci, masu saye suka juya baya, har kamfanin Atari ya binne tarin kayansa da suka yi kwantai a wani juji a garin Alamogordo na jihar New Mexico. Masu manyan kantuna suka ɗauki darasi, ba wanda yake son ya sake jin sunan wasan bidiyo. Da Nintendo ta yi niyyar shiga Amurka, sai ta ga dole ta sauya wa hajarta kama. Aka yi mata akwati mai launin toka, da ƙofa a gaba, inda ake tura kaset a kwance sannan a danna shi ƙasa, tamkar na'urar kallon bidiyo da ke falon kowa a lokacin. Uemura ya bayyana daga baya cewa akwai wani dalilin kuma: fargabar tartsatsin lantarkin da jikin mutum ke tarawa a wurare masu busasshiyar iska, irin wanda ake ji a yatsa lokacin hunturu, wanda zai iya ƙona kayan ciki idan yaro ya taɓa bakin kaset. A watan Oktoba na 1985 aka fara gwada sayar da NES a birnin New York, kuma dabarar ta ci.

Ƙarin haƙora 12 ɗin yana da lissafi. An cire biyu daga na Famicom waɗanda ke ba kaset damar ƙara sauti, aka ƙara 10 da ke zarcewa zuwa wata kafa a ƙarƙashin na'urar, wadda kusan ba a taɓa amfani da ita ba, sannan huɗu aka ware wa wata 'yar ƙwaƙwalwar tsaro mai suna 10NES. Aikinta shi ne hana kowane kamfani buga wasa ba da izinin Nintendo ba, don kada abin da ya ci Atari ya maimaitu. Akwai ɗaya a cikin na'ura, akwai abokiyarta a cikin kowane kaset na halal. Da zarar an kunna sai su gaisa. In gaisuwar ba ta yi daidai ba, ta cikin na'ura ta riƙa sake tayar da wasan kusan sau ɗaya a kowace daƙiƙa, kuma wannan ne ƙyaftawar fitilar.

A nan gizo ya yi saƙarsa. Duk lokacin da aka danna kaset ƙasa, ƙarafan mahaɗin suna lanƙwashewa kaɗan don su matse shi. Shekara da shekaru ana yi, sai ƙarfen ya saki, ya daina komawa yadda yake. Ga ƙura, ga maiƙon hannu, ga dusashewar da iska ke jawo wa fuskar ƙarfe. Haƙori ɗaya daga cikin huɗun tsaro ya kasa taɓawa, sai mai gadi ya ɗauki kaset na halal a matsayin jabu. Hura iska da baki kuwa gyaran gangar Auzinawa ne: abin da yakan taimaka shi ne zarewa da mayarwar, wadda ke goge ƙarafan ta sake daidaita zamansu, amma danshin numfashi ƙara wa ƙarfe lalacewa yake yi. Nintendo ta fitar da kayan goge-goge na musamman a 1989, sannan a 1993 ta fitar da sabon samfuri, NES-101, wanda ake cusa wa kaset daga sama, kuma ba shi da ƙwaƙwalwar tsaron. Wato dai kamfanin ya koma tsarin da ya baro a Japan.

A 1995 aka daina ƙera NES a Amurka. Famicom ta ci gaba a Japan har 2003, kuma a 2007 Nintendo ta daina karɓar gyaranta saboda ƙarewar kayan gyara. Jimillar abin da aka sayar na samfuran biyu a duniya ya kai miliyan 61.91. Daga nan kula da miliyoyin na'urorin da suka rage a ɗakunan ajiya da kasuwannin gwanjo ya koma hannun masu sha'awa da ƙananan masu gyara.

Sa'arsu ita ce mahaɗin ba a liƙe yake da dalma ba. Baki biyu gare shi: ɗaya yana cafke gefen babban allon na'urar, ɗaya yana karɓar kaset. Wanda ya iya riƙe sukundireba zai iya kwance murfi da garkuwar ƙarfe da tiren kaset, ya zare shi da hannu. Wannan sauƙi ya buɗe kasuwar sababbin mahaɗai na kwaikwayo masu araha. Amma an gudu ba a tsira ba, domin da yawansu suna matse kaset har sai an yi kokawa kafin a zare shi, kuma masu tara tsofaffin wasanni suna tsoron irin wannan matsi zai kankare ƙarafan kaset ɗin da ba a ƙara buga irinsa. Sai hankali ya dawo kan na asali, domin da tsohuwar zuma ake magani.

Yadda ake farfaɗo da shi sananne ne a wajen masu sana'ar. Ana tafasa shi cikin ruwa mai tsabta na 'yan mintuna don dauɗar da ta daskare ta saki, a tura kaset mai tsabta a zare sau da dama, a goge da sinadarin isopropyl da buroshi, a bar shi ya bushe sarai. Sannan aikin haƙuri: a ɗauki allura ko wani siririn tsinke a ɗago ƙarafan da suka kwanta ɗaya bayan ɗaya, kowanne daidai da ɗan'uwansa. In aka ɗago da yawa, an koma gidan jiya na matsi, in kuma hannu ya zarce, ƙarfen ya karye, yankin ya tashi daga aiki. Wasu sukan haɗa da yanke ƙafa ta huɗu ta ƙwaƙwalwar tsaron don ƙyaftawar ta daina, ko da yake hakan ba ya wanke dauɗa, kuma masu son na'ura yadda ta fito daga masana'anta ba sa yarda da shi.

Cinikin kuwa kacokan a kan amana ya tsaya. Mai saye ta intanet hoto kawai yake gani, kuma a hoto da wuya ya bambance na asali da na kwaikwayo, balle ya san ko an gwada shi da kaset iri-iri ko an dai ɗauraye shi ne aka sa a leda. Shi ya sa wasu masu gyara suke karɓar tsohon mahaɗin mai saye a madadin wanda suka gyara, ko su gyara masa nasa su mayar. Wannan musaya tana da wani amfanin kuma. Nintendo ba ta ƙara ƙera ko ɗaya, don haka adadin na asali raguwa kawai yake yi, kuma duk wanda aka jefa a shara don an sayi na kwaikwayo ya tafi ke nan.

Wasannin NES dai ba su ɓace ba, ana iya buga su a kwamfuta da waya, kuma Nintendo da kanta ta fitar da ƙaramar NES Classic Edition a 2016, wadda wasanni 30 ke cikinta amma ba ta karɓar kaset. Wanda yake son tsohon kaset ɗinsa na 1985 ya tashi a kan na'urar da aka yi shi dominta, har gobe yana buƙatar haƙoran nan 72 su taɓa, da kuma wani mai allura da haƙurin bin su ɗaya-ɗaya.