Asalin Kalma: Mai Wurno

Basakkwacen da ya ji an ce akwai gari mai suna "Mai Wurno" zai iya ɗauka a bakin gulbin Rima yake. Ina! Garin yana Sudan, kudu da Sinnar, a gaɓar Shuɗin Nilu, dubban kilomita daga Wurnon da yake ikirarin mallaka.

Asali ma ba sunan gari ba ne, laƙabin mutum ne. Wurno ribaɗin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ce, can ya zauna, can aka binne shi a 1837, shi ya sa ake yi wa mai suna Bello kirari da Mai Wurno. Da Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903 yana kan hanyar hijira, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja sauran masu hijira suka nufi gabas da niyyar Makka. Tafiya ta tsaya a Sudan, suka kafa gari, laƙabin jagora ya bi garin.

Bakin Larabawa ya tauna sunan ya koma Mayirno, har "Wurno" ɗin ta ɓace a ciki. Har yau zuriyar Attahiru ke riƙe da sarautar garin.