Sunan da Ba Su Raɗa wa Kansu Ba

Idan ka tari ɗaya daga cikin dattawan da suka ƙarar da ƙuruciyarsu wajen fesa fenti a jikin jiragen ƙasa na birnin New York, ka kira shi mai girafiti, kada ka yi mamaki in ya haɗe rai. Su a tsakaninsu *writers* suke kiran juna, wato marubuta, abin da suke yi kuwa sunansa rubutu. Phase 2, wanda ake jingina wa ƙago haruffan nan masu kumburi kamar balan-balan a farkon shekarun 1970, har ya rasu a 2019 bai daina ƙyamar kalmar girafiti ba. In ta kama dole, sai ya faɗi harafinta na farko ya yi shiru, kamar mai kunyar ashar a gaban surukai.

Kalmar 'yar Italiya ce. Tilonta *graffito*, jam'inta *graffiti*, tushenta kuma karcewa ne ko yakushi. Masu tonon kufai na ƙarni na 19 su suka yayata ta, lokacin da suke kwashe toka daga kan Pompeii, garin da dutsen Vesuvius ya binne a shekara ta 79 miladiyya. Sun tarar da bangaye cike da karce-karcen mutanen gari: wane ya biyo ta nan, wane yana son wance, ga zagi, ga lissafin kuɗi. Da jaridu da hukumomin Amurka suka ɗauko wannan suna suka liƙa wa aikin samarin Bronx da Manhattan, sun liƙa shi ne da raininsa. Karce ai ba ya bukatar koyo, akuya ma tana yi da ƙahonta.

Su kuwa samarin, sunansu suke rubutawa, shi ke nan. A Filadelfiya, wajen ƙarshen shekarun 1960, wani yaro mai suna Darryl McCray ya cika gari da laƙabin Cornbread, sunan wani burodin masara. A gidan horon kangararrun yara ya samo shi, saboda yadda ya addabi mai dafa abinci da roƙon a yi musu irin burodin kakarsa. A New York kuma wani ɗan asalin Girka mai suna Demetrius, wanda ake yi wa inkiya da Taki, ya haɗa inkiyar da lambar titin gidansu, ya zama TAKI 183. Aikin kai saƙo yake yi, don haka kullum yana cikin jirgi, duk inda ya sauka sai ya bar suna. A watan Yulin 1971 jaridar New York Times ta ba da labarinsa, kafin ka ce kwabo yara sun bazu da alƙalumansu. Wannan salo na haɗa suna da mazauni ba baƙonmu ba ne: haka muka sami Aminu Kano da Shehu Shagari. Nasu dai lamba ce, domin yawancin titunan Manhattan lamba gare su.

Wannan sa hannu shi suke kira *tag*, kalmar da asalinta ɗan katin da ake maƙala wa kaya ne don a san mai su. Sama da shi akwai *throw-up*, manyan haruffa da launi biyu da ake gamawa cikin 'yan mintuna. A bakin Bature kalmar amai ma take nufi, kuma masu abin sun san da haka, ba su damu ba. Can ƙoli kuma sai *piece*, gutsuren kalmar da ke nufin gangariyar aikin gwani. Ka ji ƙarfin hali: yaro ɗan shekara goma sha biyar, da gwangwanin fentin da galibi ɗauke shi ya yi a kanti bai biya ba, yana kiran aikinsa da sunan da ake kiran abin da aka rataye a gidan tarihi.

Suna da sarauta, suna da talakawa. Sabon shiga, ko wanda hannunsa bai faɗa ba, *toy* ne, abin wasan yara. Wanda sunansa ya mamaye layin jirgi sarki ne, yana iya ɗora kambi a kan harafinsa, amma in ya ɗora bai kai ba, za a wayi gari an ja masa layi a kai. Satar salon wani cizo suke ce mata. Fita da dare a zuba suna ko'ina kuwa ruwan bama-bamai ne. Ni dai wannan kalma ta ƙarshe ba ta yi mini ba, kuma ina ganin ta sauƙaƙa wa hukuma aiki: wanda ya kira kansa mai jefa bam bai kamata ya yi ƙorafi ba in an ɗaura yaƙi da shi.

Inda abin ya fi ba ni sha'awa shi ne *crew*, kalmar da ake faɗa wa ma'aikatan jirgin ruwa. A waje ana ɗauka girafiti aikin mutum ɗaya ne mai son a san shi. Amma tarago guda tsawonsa ya haura mita goma sha biyar, dare kuma gajere ne. Sai a shiga garejin jirage ta ƙarƙashin waya, cikin duhu, ana takatsantsan da dogon ƙarfen nan na uku mai ɗauke da lantarkin da ke kisa nan take. Gwanin haruffa ya fitar da sigarsu daga zanen da aka riga aka yi a baƙin littafinsa. Wani ya bi yana cike ciki da launi, wani yana shimfiɗa gajimare a baya, mai iya surar mutane ya kafa ɗan tsanansa a gefe. Ƙaramin cikinsu shi ne mai girgiza gwangwani da gadin hanya, da haka yake koyo, kamar yaron maƙeri a bakin zuga-zugi. In an gama, sai a jera sunayen 'yan ƙungiya a kusurwa, har da waɗanda ba su samu zuwa ba, har da wanda ya mutu. Kalmarsu ta wannan jeri ita ce ta kiran suna a aji. Mu da muka san aikin gayya, ba sai an yi mana dogon bayani ba. Ƙungiyar Fabulous Five, wadda Lee Quiñones yake ciki, ta taɓa fente jirgi sukutum, tarago goma, tun kafin 1980. Washegarin irin wannan dare, a kan bencin tashar titi na 149 a Bronx ake zama, benci da har ya samu sunan bencin marubuta, ana jiran jirgi ya wuce a yanke masa hukunci.

Hukuma ma da nata ƙamus. Kalmarta *vandalism* ce, ɓarna da gangan, wadda wani limamin Kirista Bafaranshe, Henri Grégoire, ya ƙago a 1794 daga sunan ƙabilar Vandal da ta washe birnin Rum a 455. Magajin garin New York John Lindsay ya shelanta yaƙi da girafiti a 1972. A 1977 aka kawo injin wanke taragu da sinadari, marubuta suka sa masa suna *buff*, gogewa, har kalmar ta zama sunan duk wani shafe aiki. Daga baya aka ƙaro waya mai reza da karnuka, sannan aka kafa ƙa'idar cewa taragon da aka fenta ba zai fita aiki ba sai an wanke shi. Wannan ce ta karya lagon abin, domin sunan da ba wanda zai gani ba suna ba ne. A watan Mayun 1989 hukumar jiragen ta ce ta gama da girafiti.

Fentin bai ƙare ba, suna ya sauya. Aka sami *street art*, fasahar titi, wadda ta fi karkata ga hoto fiye da harafi, ta kuma fi shiga ran masu gidaje da masu sayen zane. Tsofaffin marubuta da yawa suna yi mata kallon 'yar gata da ta zo ta tarar an share fage. A Filadelfiya, garin Cornbread, magajin gari Wilson Goode ya kafa hukumar yaƙi da girafiti a 1984, aka ɗauko mai zane Jane Golden ta ja samarin a jiki. Reshen da ta riƙe shi ya rikiɗe ya zama Mural Arts, wanda ya samar da zanen bango sama da dubu huɗu, ana zama da mutanen unguwa a tsara, a raba buroshi har ga yara da fursunoni. Hannun da aka kama jiya, yau shi ake biya.

A Dakar lissafin ma a juye yake. Wajen 1990 samarin unguwanni suka tashi da abin da suka kira *Set Setal* da Wolof, wato tsabta da tsabtacewa. Suka kwashe shara, suka yashe kwatoci, sannan suka cika bangaye da hotunan shehunai da gwarazan tarihi da gargaɗin lafiya. Abin da New York ta kashe miliyoyi tana wankewa da sunan ƙazanta, a Senegal shi ne cikon shara.

Wani lokaci kuma alƙali ne ke raɗa sunan. A gundumar Queens ta New York akwai wani tsohon ginin masana'anta da aka sani da 5 Pointz, sunan da ke nuni da haɗuwar gundumomi biyar na New York, inda mai ginin ya ba da izini masu fenti daga ƙasashe da dama suka yi shekaru suna aiki. A wani dare na watan Nuwambar 2013 ya sa aka shafe komai da farin fenti don zai rushe ya gina gidaje. Aka je kotu, tambayar kuma ita ce ko waɗannan ayyuka fasaha ce mai daraja da doka ta kare. A 2018 alƙali Frederic Block ya ce haka ne, ya umarci a biya mutum 21 dala miliyan 6.75 a kan ayyuka 45. A wannan karon mai shafewa ne ya biya kuɗin ɓarna.

Da Hausa fa? Zanen bango ya dace da aikin Filadelfiya da na Dakar, sai dai yana tuna mini da adon magina a fuskar tsofaffin gidajen Zariya da Kano, wanda mai gida ne ya nema ya biya. Rubutun bango kuma ya haɗa har da "Ba a fitsari a nan" da sunan ɗan takarar kansila. Duk da haka, in zan ba da labarin Taki da abokansa, shi zan ɗauka, in ce musu marubuta, tunda haka suka ce a kira su.