Jinyar Sassauci da Zancen Ajali a Unguwannin Khartum

Jinyar sassauci ita ce kulawar da ake bai wa mai cutar da ba a sa ran warkewarta, domin rage masa raɗaɗi da fargaba, a kuma tallafi iyalinsa. Tsarinta na zamani ya faro a Landan a 1967, lokacin da Cicely Saunders ta buɗe gidan jinya na St Christopher. A 2014 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya nemi ƙasashe su shigar da ita cikin tsarin kiwon lafiyarsu. A Sudan an fara ta a 2010, a cibiyar maganin ciwon daji ta Khartum da aka fi sani da RICK, ƙarƙashin Dokta Nahla Gafer, da tallafin horo daga Hospice Africa ta Yuganda.

Asibiti kaɗai ba ya iya ɗaukar wannan aiki, domin mafi yawan jinyar ƙarshe a gida ake yin ta, a hannun mata. Hausawan Bahri da na Omdurman, jikokin mahajjata da na waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903, sun gaji ingantaccen tsari game da abin da ke biyo bayan rasuwa. An san mai wanka, an san mai ɗinka likkafani da masu haƙa kabari. Ana kafa rumfa a yi zaman makoki, maƙwabta su kawo abinci, a rubuta gudummawar kowa. Makonnin da ke gaban rasuwar ne ba su da tsari. Sau da yawa likita kan faɗa wa babban ɗa ko ƙanen majinyaci gaskiya, su kuma su ɓoye masa, ana ta "da sauƙi" har rai ya yi halinsa. Tausayi ne ke sa a yi haka, amma majinyacin ne ke biyan farashin: bai ambaci bashin da ke kansa ba, bai nemi gafarar kowa ba, an kuma sayar da fili ko shanu wajen neman maganin da ba zai yi amfani ba.

Masu ƙin a faɗa wa majinyaci gaskiya kan ce sanin ajali sai Allah. Haka ne, sai dai faɗin matsayin cuta daban, yanke ranar mutuwa daban. Shari'a kanta ta kwaɗaitar da rubuta wasiyya tun mutum na da lafiya, ta kuma iyakance ta ga sulusin dukiya, kuma ana laƙanta wa mai gargara kalmar shahada. Duk wannan na nuna cewa addini bai ɗauki ambaton mutuwa a matsayin mugun fata ba. Limami a huɗuba, ko malama a makarantar matan aure, sun fi likita damar buɗe maganar, har da batun maganin mofin, wanda iyalai da dama ke gudu saboda zaton kayan maye ne ko yana gaggauta mutuwa, alhali idan an ba da shi bisa ƙa'ida ciwo kawai yake kwantarwa.

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023 ya tsayar da aikin RICK, ya tarwatsa majinyata zuwa Wad Madani da wasu garuruwa. A Bahri da Omdurman an binne mutane a tsakar gida da filayen unguwa saboda hanyar maƙabarta ta toshe. A wannan hali matasan ɗakunan agajin gaggawa da masu girkin takaya (abincin sadaka na unguwa) ne suka riƙe unguwanni, bisa al'adar nafir, wato gayya. Jihar Kerala ta Indiya ta gina jinyar sassaucinta a kan irin waɗannan 'yan sa-kai na maƙwabta, waɗanda ake koya wa juya majinyaci, wanke gyambo, da sanin lokacin kiran ma'aikaciyar jinya. Unguwannin Khartum suna da mutanen. Abin da ya rage shi ne horon da kuma samun mofin na sha a kusa.