Ra'ayin Makaranta Game da Labaran Tarihi da na Laifi a Ƙagaggun Labaran Hausa, 1933 zuwa 1999

1.0 Gabatarwa

Yawancin nazarce-nazarcen da aka yi a kan ƙagaggun labaran Hausa sun fi mayar da hankali ga marubuci da jigo da salo, ba a cika waiwayar makaranci ba. Alhali kuwa shi ne yake sayen littafi, ya ara wa wani, ya yaba ko ya kushe. Wannan maƙala za ta bi diddigin yadda ra'ayin makaranta ya riƙa bayyana game da ire-iren labarai guda biyu, wato labarin da aka gina a kan tarihi da kuma labarin laifi, tun daga gasar 1933 har zuwa muhawarar da aka tafka a jaridu a ƙarshen ƙarni na ashirin.

2.0 Tushen Ire-iren Biyu

A shekarar 1933 ne Hukumar Fassara ta Zariya, ƙarƙashin Dokta Rupert East, ta shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai. East da kansa ya bayyana cewa malamai da dama a lokacin ba su ɗauki ƙaga labari a matsayin aikin da ya dace da mai ilimi ba, domin a wurinsu rubutu na addini ne da tarihi, tatsuniya kuwa ta mata da yara ce. Wannan shi ne ra'ayin makaranta na farko da aka taskace, kuma ya yi tasiri a kan abin da aka rubuta.

Daga cikin littattafai biyar da wannan yunƙuri ya haifar, biyu sun jingina da tarihi. Ganɗoki na Bello Kagara ya fara ne da yaƙe-yaƙen zuwan Turawa, daga faɗuwar Kwantagora da Bida a 1901 zuwa Burmi a 1903, kafin tauraron ya faɗa duniyar aljannu. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa kuwa ya bi hanyar fataucin bayi ta Sahara, daga ƙasar Hausa zuwa Masar, ya nuna uwa da ta salwantar da 'yancinta wajen neman ɗanta. Wasu biyun kuma sun taɓo laifi: Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo labarin ɓarayi ne da dabarunsu, Jiki Magayi na John Tafida da East kuma labarin ramuwar gayya ne wadda ta mayar da yaro ɓarawo, har ya kashe mahaifinsa.

Abin lura a nan shi ne, waɗanda suka fara karanta Ganɗoki da Shaihu Umar 'ya'ya ne da jikokin mutanen da suka ga bauta da yaƙin Turawa da idonsu. Saboda haka ma'aunin da za su auna labarin tarihi da shi ba zai wuce gaskiya ba: shin haka abin ya faru kamar yadda manya suka faɗa? Shi kuwa labarin laifi, ma'auninsa sakayya ne: shin mugu ya girbi abin da ya shuka?

3.0 Makaranci a Cikin Aji

Daga kafuwar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, Bahaushe ya sami filin aika wasiƙa a buga. Sai dai kuma har zuwa zamanin Hukumar NORLA (1954 zuwa 1959) da kamfanin NNPC wanda aka kafa a 1966, littafin hira ya fi rayuwa ne a makaranta. Hukuma ke zaɓar abin da za a buga, manhaja ta tsayar da abin da za a karanta, ɗalibi kuma ya bayyana ra'ayinsa a takardar jarrabawa bisa yadda malami ya koya masa. Ke nan makaranci bai da ta cewa a kan abin da zai fito gobe.

Duk da haka, labarin laifi ya ƙara ƙarfi a ƙarshen wannan zango. Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo ya nuna yadda barin ƙauye zuwa birni yake jefa matashi cikin miyagun ayyuka. Gasar da Sashen Al'adu na Gwamnatin Tarayya ya shirya ta fito da Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina a kan fasa-ƙwauri da cin hanci, da Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare a kan duniyar makamai da kisa bayan yaƙin basasa, duka a 1982. A daidai lokacin kuma ɗaliban sakandare suna ta musayar littattafan James Hadley Chase da jerin Pacesetters na kamfanin Macmillan, wanda ya fara a 1977. Ta nan ne ɗanɗanon makaranci ya sauya, ya fara neman labari mai sauri, mai ɗaure kai.

4.0 Lokacin da Makaranci Ya Sami Murya

Daga tsakiyar shekarun 1980, taɓarɓarewar tattalin arziki ta raunana manyan kamfanonin ɗab'i, marubuta suka koma buga littattafansu da kansu, musamman a Kano. Tsadar takarda ta sa ake raba labari ɗaya zuwa littafi na ɗaya da na biyu da na uku, kuɗin da aka samu daga na farko shi ake buga na biyu da shi. Wannan tsari ya danƙa wa makaranci iko irin wanda bai taɓa samu ba, domin idan na ɗaya bai karɓu ba, na biyu ba zai fito ba. Bugu da ƙari, marubuta sukan sa adireshinsu a littafi, wasiƙu su yi ta zuwa, masu sayarwa da masu ba da hayar littattafai kuma su isar da abin da jama'a ke faɗi.

Ko da yake labaran soyayya ne suka mamaye kasuwa, ire-iren nan biyu ba su ɓace ba. Bala Anas Babinlata ya yi fice a labaran laifi da bincike. Labarin tarihi kuma ya rikiɗe ya zama labarin jarumtaka da yaƙi mai dogon jeri, irin wanda Abdul'aziz Sani Madakin Gini ya shahara da shi daga baya, inda sarakuna da sadaukai da matsafa suka maye gurbin garuruwa da shekarun da aka sani. A nan tsohon ma'auni na gaskiya ya yi rauni, jin daɗi da zumuɗin ganin ci gaban labari suka danne shi. Ma'aunin sakayya kuwa bai gushe ba, don kuwa da wuya marubuci ya bar mugu ya sha.

A shekarun 1990 muhawara ta koma shafukan jaridu. Ibrahim Malumfashi, wanda ya yayata laƙabin Adabin Kasuwar Kano, ya soki ingancin waɗannan littattafai da yawan aron da suke yi daga waje. Abdalla Uba Adamu kuma ya kare su a jaridar New Nigerian a 1999, a filin adabi da Ibrahim Sheme yake kula da shi, bisa hujjar cewa sun dawo da matasa, musamman mata, ga karatu da harshensu. Idan aka duba da kyau, gardamar tana kan tambaya guda ce: wane ne yake da hurumin yanke hukunci a kan littafi, manazarci ko mai saye?

5.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta nuna cewa ra'ayin makaranci ya bi matakai uku: shakkar malamai a 1933, shirun ɗalibi a cikin aji, sannan ikon mai saye daga shekarun 1980. Muhawarar masana tana nan a ajiye a jaridu da kundayen digiri, amma wasiƙun da makaranta suka aika wa marubuta suna hannun ɗaiɗaikun mutane, gara da ruwa suna cin su. Ya kamata sassan koyar da harsunan Nijeriya su tattara su tun da sauran dama, domin in ba da su ba, tarihin adabin Hausa zai kasance tarihin masu rubutu kawai, ban da na masu karatu.