Sata, Fashi da Dakaiti: Gyara ga Masu Jera Kalmomi

Akwai ra'ayin da ya zauna daram a littattafan koyar da Turanci ga masu jin Urdu, cewa kalmomin laifi jeri kawai suke bukata: "theft" ita ce chori, "murder" ita ce ƙatal, ɗalibi ya haddace ya wuce. A ganina wannan kuskure ne, kuma ba ƙarami ba.

Tarihin sananne ne. Kundin Laifuffukan Indiya na 1860, wanda kwamitin Macaulay ya tsara, an fassara shi zuwa Urdu da sunan Ta'zirat-e-Hind, Pakistan ta gaje shi, ya kuma biyo ta Sudan ya zama tushen kundin Arewacin Nijeriya. Ke nan ma'anar waɗannan kalmomi a kotu aka yanka ta. Sashe na 391 na kundin Pakistan ba ya kiran fashi dakaiti ("dacoity") sai masu yinsa sun kai biyar. In huɗu ne, "robbery" ne. Wane jeri ne zai koya wa ɗalibi wannan?

Masu wancan ra'ayi za su ce ɗalibi jarida yake son karantawa, ba shari'a zai yanke ba. Hujjar tana da ƙarfi, na yarda. To amma wace jarida? Ta Karachi tana rubuta "dacoit" kullum, ta Landan da wuya ta taɓa ta. Ga kuma "thug", wadda Turanci ya ara daga yankin Indiya: a Urdu thag mayaudari ne, ɗan damfara, a Turanci kuwa ɗan daba ne mai duka. Ɗalibi zai ga kalmar gidansu ya saki jiki, ya fahimci labarin a karkace. Ko mai karatun jaridar bai tsira ba.

Sai dai in taƙaita da'awata. Rishwat, wato rashawarmu, ta dace da "bribe" ba gardama, kuma irinta suna da yawa. Inda nake da hujja shi ne laifuffukan dukiya da na jini. Tun dokar ƙisasi da diyya ta 1990, kundin Pakistan ya raba kisa bisa fiƙihu: ƙatal-i-amad na ganganci, shibhi amad mai kama da ganganci, ƙatal-i-khata na kuskure, da kisa ta hanyar sababi. Turancin Ingila ya fi tsayawa kan "murder" da "manslaughter", kuma iyakokinsu ba su hau kan waɗancan huɗun ba. Malamin da ya haɗa su layi-layi ya koya wa ɗalibinsa daidaiton da babu shi a kotun Lahore, babu shi a ta Landan.