Kiwon Murjani a Tankin Gilashi: Abin da Mai Farawa Zai Sani

Murjanin da Bahaushe ya sani shi ne jan dutsen adon da mata ke ratayawa a wuya, wanda fatake suka riƙa ƙetaro Sahara da shi daga Bahar Rum zuwa kasuwannin Kano. Asalinsa dabbar teku ce. Wanda masu sha'awa ke kiwatawa a tankin gilashi kuwa dangi ne na daban, wato murjani mai ƙashin dutse. Ƙananan halittu ne masu baki kamar kan allura, dubbai a reshe guda, da ke gina wa kansu gida da sinadarin kalsiyam. Shahararrun ire-irensa su ne Acropora, Montipora da Stylophora. Na farkon ya fi kyau, ya kuma fi saurin mutuwa, shi ya sa ake ba mai farawa shawarar ya soma da biyun ƙarshe.

A cikin naman wannan dabba akwai wata 'yar gansakuka da ido ba ya gani, wadda ke sarrafa haske ta samar mata da mafi yawan abincinta. Idan ruwa ya ɗumama fiye da kima, murjanin yakan kori gansakukar, ya koma fari fat, yunwa ta ƙarasa shi. Duk ƙa'idojin kiwonsa daga nan suka taso.

Ana so zafin ruwa ya tsaya tsakanin digiri 25 da 27, gishiri ya kai kimanin giram 35 a kowace lita, kalsiyam kuma miligiram 400 zuwa 450 a lita. Gishirin miya ba ya yi, akwai haɗi na musamman da ake sayarwa. Ana buƙatar fitila mai ƙarfi, da famfunan da ke kaɗa ruwa dare da rana. Sannan a bar tankin ya yi wata shida ko fiye kafin a dasa reshen farko. Cika ma'auni daidai bai kai rashin sauyawarsa muhimmanci ba, domin hawa da saukar dare ɗaya kan hallaka kiwon shekara.

A nan ne lamarin ke zama na ƙasa. Mutumin Bagwai yana da madatsar ruwa ta Watari a kusa, kuma ruwanta ya ishi tarwaɗa da ƙarfasa, amma ba zai shiga tankin murjani ba sai an tace shi da na'ura an raba shi da laka da ragowar takin zamani. Zafin Afrilu a Kano yakan haura digiri 40, don haka injin sanyaya ruwa wajibi ne. Ɗaukewar wuta ta 'yan sa'o'i kan tsayar da famfo, iskar cikin ruwa ta ragu, komai ya mutu. Wanda ba shi da sola da batura masu kwana da aiki, gara ya ajiye kuɗinsa.

Akwai kuma doka. Duk murjani mai ƙashin dutse yana cikin rukuni na biyu na yarjejeniyar CITES, wadda Najeriya ta sa wa hannu, saboda haka shigo da shi sai da takardar izini. Gaɓar tekunmu ba ta da manyan tsaunukan murjani, domin lakar Neja da yawan ruwan koguna sun dagula ta. Mafi kusa da alhazanmu ke wucewa ta kansu su ne na Bahar Maliya, daura da Jidda da gaɓar Sudan. Sayen reshen da aka raino a tanki ya fi na wanda aka fasa daga teku, ga juriya, ga sauƙin takardu.

Cutar farin nan da ke kashe shi a tanki ita ce ke bin sa a teku. A Afrilun 2024 hukumar kula da teku da yanayi ta Amurka, NOAA, ta sanar da karo na huɗu da ɗumamar ruwa ta faranta murjani a faɗin duniya, bayan na 1998, da na 2010, da na 2014 zuwa 2017. Ƙarin digiri ɗaya kacal a kan zafin bazara, idan ya ɗauki makonni, ya isa ya jawo hakan.