Daga Igiyar Rataya Zuwa Rajista: Yadda Ingila Ta Sa Ido Kan Masu Raino

A watan Oktoba na 1870 aka rataye wata mata mai suna Margaret Waters a Landan, bayan an tsinci gawarwakin jarirai a lungunan unguwar Brixton. Sana'arta karɓar jarirai ce daga hannun iyaye mata da talauci da kunyar haihuwa ba aure suka ƙuntata, a biya ta kuɗi da alkawarin za ta raine su. Da 'yan sanda suka shiga gidan, sai suka tarar da yara a rame, an ɗirka musu maganin barci mai ofiyam don kada su yi kuka. Daga wannan shari'a dokar sa ido kan raino a Ingila ta samo tushe, kuma darasinta bai tsufa ba: duk inda kuɗi ya shiga tsakanin uwa da mai raino, amana kaɗai ba ta tsare yaro, sai an haɗa da idon wani na waje.

Majalisa ta yi doka a 1872, ta ce duk mai karɓar jarirai fiye da ɗaya 'yan ƙasa da shekara don kuɗi, har su kwana a wurinta, sai ta yi rajista. Dokar ba ta yi haƙora ba, don ba a tanadi masu zagayawa su duba gidaje yadda ya kamata ba. Shi ya sa wata mai karɓar jarirai, Amelia Dyer, ta daɗe tana ta'asa, har sai da aka tsamo gawar jaririya daga kogin Thames a garin Reading, aka rataye ta a 1896. Shekara ɗaya bayan haka aka faɗaɗa dokar ta shafi yara har zuwa shekara biyar. Rainon wuni kuwa, wato a kai yaro da safe a ɗauko shi da yamma, sai a 1948 ya samu dokarsa, bayan yaƙin duniya na biyu ya fitar da mata da yawa zuwa masana'antu. An ƙara tsaurara dokar a 1968 da 1989, sannan a 2001 aikin duba masu raino ya koma hannun hukumar Ofsted daga ƙananan hukumomi.

Ƙa'idojin yau ba su da sarƙaƙiya. Mai raino ɗaya ba ta wuce yara shida 'yan ƙasa da shekara takwas, uku kawai daga ciki ƙanana, jariri kuma ɗaya a bisa al'ada. Dole yaro ya kasance inda za ta gan shi ko ta ji motsinsa, ta kuma mallaki shaidar koyon taimakon gaggawa na yara, sannan a binciki tarihin duk wanda ya kai shekara 16 a gidan. Kowace ƙa'ida amsa ce ga abin da ya kashe jariran Brixton: yawan yara a hannu ɗaya, da ƙofa a rufe.

Masu suka suna cewa hukuma ta kutsa cikin ɗaki, kuma takardu sun kori mata nagari daga sana'ar. Maganarsu da ƙamshin gaskiya, domin masu raino da suka kai wajen 100,000 a tsakiyar shekarun 1990 sun ragu zuwa ƙasa da 30,000. A 2009 ma an gaya wa wasu 'yan sanda mata biyu da ke riƙe wa juna yara cewa sun karya doka, har sai da gwamnati ta gyara ƙa'idar. Amma wannan hujja ce ta rage takardu da ƙara wa masu raino lada. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Uwar da ta tafi aiki ba ta ganin abin da ke faruwa da azahar, jariri kuma ba ya kai ƙara. Rajistar 1872 da ba ta da mai dubawa ba ta hana Amelia Dyer komai ba, don haka lasisin da babu wanda zai ƙwanƙwasa ƙofa ya ƙirga yara, takarda ce kawai.